Shekarar da Malam Ya Yi Niyyar Zuwa Ƙarshen Arewa

Shekara talatin da biyar maigidana ya yi yana koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare a nan Tambuwal. Ya san sunan kowane babban kogi na duniya, da inda ya faro, da inda ya zube, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka ko bakin iyakar Illela ba. Ni kuwa da na tsaya a aji shida na firamare, na koma suyar ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa, ni ce na hau jirgi na je Makka na dawo. Ba mu cika tayar da wannan zance a gidanmu ba.

Da ya yi ritaya, watannin farko sun yi mana wuya mu biyun. Mutumin da ya saba fita da sassafe ya dawo da la'asar, sai ga shi a tsakar gida tun hantsi, ba aji, ba allo, sai ni. Ya gaya mini murhuna bai dace da inda iska ke kaɗawa ba. Ya jera mini tukwane daga babba zuwa ƙarama. Rannan har ya tsaya a kaina yana yi mini bayanin abin da ke sa mai ya rabu da tunkuza, ni da na tsufa ina matsa shi da hannuna. Na kira 'yarmu ta fari, wadda ke aikin jinya a Sakkwato, na ce ta nemo wa babanta abin yi kafin ɗayanmu ya bar gidan. Ta aiko masa da babbar waya, ta ce zai riƙa kallon duniya a ciki. Ita ta jawo mana.

Wata la'asar ina kan suya ya fito daga ɗaki ba hula, wayar na hannunsa.

"Hajiya, taho ki gani."

"Malam, mai na kan wuta."

"Sauke shi."

Na sauke. A fuskar wayar akwai wani fili fari fat da 'yan itatuwa, sama baƙi ƙirin, ga wani koren haske ya keto ta daga wannan gefe zuwa wancan, yana lilo kamar an shanya mayafi iska na kaɗa shi. Wani gefen nasa ja-ja ne, wani kuma shuɗi-shuɗi.

Na ce, "Aikin kwamfuta ne."

"Ba kwamfuta ba ne. Orora ke nan, hasken arewa. Duk shekara sai na koya ma 'yan aji biyar shi." Ya zauna a kan turmina, bai ko duba ko da ƙullu a jiki ba. "Hoton da ke cikin littafinmu baƙi da fari ne. Da farin alli nika zana musu shi. Hajiya, shekara talatin da biyar, ban san motsi shika yi ba."

Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba. Na ce Allah mai iko, na mayar da mai kan wuta, na ɗauka an gama.

Bayan kwana bakwai, muna cin tuwo, ya ce ya yanke shawara zai je ya gani da idonsa. Na tambaye shi ina. Ya ce arewa. Na ce ai a Arewa muke. Sai ya ajiye lomarsa ya yi mini darasi: mu da muke bugun ƙirji da Arewa, in aka duba taswira 'yan kudu ne mu tsantsa. Akwai arewa gaba da arewa, har a kai wata ƙasa wai ita Nowe, can saman duniya inda takarda ke ƙarewa. Hasken kuma ba ya fitowa sai lokacin sanyinsu, wanda ya zo daidai da ɗarinmu. Sannan ya ƙara da cewa da mota zai tafi.

"Wace mota?"

"Tawa mana."

Motar Malam ta girmi 'yarmu ta biyu. Ƙofar baya ta hagu ba ta buɗuwa sai daga waje, ta dama ba ta buɗuwa sai daga ciki. Na ce me ya hana jirgi. Ya ce malamin labarin ƙasa ba ya tsallake ƙasa ta sama, dole ya ga yadda daji ke komawa hamada, hamada ta koma dutse, dutse ya koma ƙanƙara. Ranar da aka raka ni filin jirgi zan tafi aikin hajji, na ga yadda ya riƙe ƙarfen shinge sa'ad da wani jirgi ya tashi. Ban tuna masa ba.

Washegari ya sauke kalandar da ke falo ya manna tsohuwar taswirar duniya da ya taho da ita daga makaranta. Ya ɗauki jan zarena na ɗinki da allurai, ya fara ja: Tambuwal, Dogon Daji, Sakkwato, Illela, Ƙonni, Tawa, Agadas, daga nan zaren ya miƙe cikin wani fili rawaya da babu suna ko ɗaya a cikinsa tsawon kamu guda. Na sa yatsa a kan shuɗin da ke gaba na ce wannan fa, ba teku ba ce? Ya ce akwai jirgin ruwa da ke ɗaukar mota, kamar yadda ake fito a Yawuri, sai dai ya fi girma. Ya sayi littafin rubutu mai kauri ya tsara tafiyar yadda ya saba tsara darasi, kowace rana da shafinta, da manufarta, da kayan aikinta. Ya daina shiga harkar tukwanena. Saboda wannan kaɗai na yi shiru na tsawon wata guda.

Sai maganar sanyi ta taso. Malam mutum ne da in ɗari ya shigo ba ya alwala sai na ɗumama masa ruwa, ba ya kwanciya sai da kaskon garwashi a gindin gado, safa biyu, hular sanyi a ƙarƙashin hular kirki. Wannan mutumin ne zai je inda ya ce in ka watsa ruwan zafi sama, kafin ya sauko ya zama gari. Shi ma ya san da matsala, don haka ya ce jiki horo yake so. Ya je wajen 'yan gwanjo ya sayo wata ƙatuwar kwat mai gashi a wuya da takalma kamar na sojan da zai shiga ruwa. Sannan ya samu wani tsohon ɗalibinsa da ke da ɗakin sanyi na ajiye kifi a bayan kasuwa, ya roƙe shi ya riƙa barinsa ya zauna a ciki. Mutumin ya kasa ce wa malaminsa a'a. Ya sa masa kujera a tsakanin kwalayen kifi.

Ranar farko minti biyar ya yi. Ranar Laraba ya kai goma, ya rubuta a littafi. Yana dawowa gida kyanwoyin unguwa na biye da shi har zaure. Na wanke babbar riga uku a mako guda, ƙarnin bai fita ba. A masallaci ma, in ji maƙwabciyata, sahun da yake tsayawa ya fara samun fili. A rana ta tara mura ta kwantar da shi, ya yi kwana shida ina dafa masa citta da kanumfari. Da ya tashi bai ce ya fasa ba, cewa ya yi horon ya isa haka, sauran jiki zai koya a hanya.

Yana kwancen nan ne ya karanto abin da ya tsayar da shi cak. A can inda zai je, a tsakiyar sanyi, rana ba ta fitowa sam, har tsawon makonni. Ya sani tun da, ya sha rubuta shi a allo, amma bai taɓa tunanin shi ne zai tsaya a wurin yana neman lokacin azahar ba. Ya kira ni ya ce, "To in rana ba ta fito ba, yaushe za ta karkata? In ba ta faɗi ba, ina magariba?" Na ce ni ƙuli nake soyawa, ya tambayi wansa.

Wan Malam yana Kebbe, a gidan da aka haife su. Shi ya gaji zauren mahaifinsu da littattafansa da ɗalibansa, lokacin ya ba saba'in baya. Tun ranar da mahaifinsu ya ba da ƙaramin aka kai boko ya riƙe babban a gabansa, tsakaninsu akwai wani sanyi da ba faɗa ba ne, ba kuma shiri ba. Yaya Malam yakan kira aikin ƙanensa "ilimin zanen ƙasa". Maigidana kuma yakan ce wansa bai san ko duniya ta wuce Fakku ba. Gaisuwar salla da ta'aziyya ke haɗa su. Maigidana ya yi kwana biyu yana juya maganar, sannan ya ce za mu Kebbe, kuma tafiyar za ta zama gwajin mota.

Na yi murna ƙwarai. Na tabbata Yaya Malam zai kashe maganar da kalma uku. Har na aika wa matarsa saƙo a ɓoye, na ce ta shirya shi.

Tun da gwaji ne, Malam ya ce sai an loda motar yadda za a loda ta ranar tafiya. Jarka huɗu, tayar safaya biyu, shebur, buhun garin rogo, dabino, barguna, risho, buta. Ya sa kwat ɗin nan mai gashi, wai yana so ya saba tuƙi da ita, rana tsaka. Muddin muna kan kwalta lafiya lau, yana ta nuna mini irin ƙasar da muke wucewa yana faɗin sunanta da Turanci. Da muka sauka kan burji motar ta fara kuka ta ko'ina. Masu babura suna wuce mu suna waiwaye. Muka zo wani rafi da ya ƙafe, sai yashi. Masu babura kan sauka su tura. Malam ya ce sirrin yashi shi ne kada ka tsaya, haka ya karanta game da hamada. Ya taka mai, muka shiga da ƙarfi, muka kai tsakiya, muka zauna.

Ya fito da shebur ya haƙa. Motar ta ƙara nutsewa. Ya cire kwat ya ba ni riƙo, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ina zaune a inuwar wata kalgo da kwat a cinya sai ga wani dattijo ya fito daga gona da shanun huɗa biyu. Ya yi sallama, ya zagaya motar sau ɗaya, ya leƙa ciki, ya ɗaura igiya. Shanun suka ja sau biyu, motar ta fito kamar an zare ƙaya. Yana kwance igiya ya ce, "Malam, ƙaura kuka yi? Ina zuwa da wanga kaya haka?"

Maigidana ba ya ƙarya. Ya tsaya yana haki ya gaya masa gaskiya duka, da hamada, da teku, da ƙanƙara, da koren haske. Dattijon ya saurara har ƙarshe da ladabi. Ya dubi motar, ya dube ni.

"Allah shi kai ku lafiya. Amma akwai wani rafi guda gaba, ya fi wanga. Bari in biyo ku da shanun."

Haka muka shiga yankin Kebbe, mota gaba, shanu baya.

Yaya Malam ya karɓe mu a zaure. Bayan gaisuwa da ruwa, na shige cikin gida, amma na zauna daf da ƙofar da ake jin komai. Maigidana ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya miƙa wayar. Na leƙa. Yaya Malam ya ɗora tabarau, ya kawo wayar kusa da hancinsa. Da hoton ya ƙare ya ce a mayar. Aka mayar. Sau uku.

"Wanga abu, wuta ce?"

"A'a, Yaya."

"Shina da ƙara?"

"An ce babu."

"Mutane na zaune ƙarƙashinai? Da ɗiyansu da dabbobinsu?"

"Suna zaune. Har Musulmi akwai."

"Musulmi!" Ya cire tabarau. "To su yaya suka yi da salla?"

"Abin da ya kawo ni ke nan, Yaya."

Ina jiran kalma ukun nan. Sai na ji ya sallami ɗalibai, ya ce yau babu karatu. Ya sa aka sauko da wasu littattafai daga saman kanta, masu bangon fata, waɗanda matarsa ta ce tun rasuwar mahaifinsu ba a buɗe su ba. Kwana biyu suka yi a zauren nan. Maigidana ya aika aka sayo lemo da tocila, ya soke lemon da tsinke, yana juya shi yana nuna wa wansa yadda saman duniya ke ɓuya wa rana. Yaya Malam ya musa, ya sake musawa, ya karɓi lemon ya juya da kansa. Shi kuma ya buɗe littafi ya nuna wa ƙanensa cewa malamai sun tattauna irin wannan tun kafin a haifi kakan wanda ya rubuta littafin makarantarsu. Ana kai musu abinci yana hucewa. Matarsa ta ce mini ita rabon da ta ji dariyar mijinta daga zaure har ta manta.

A rana ta biyu da hantsi Yaya Malam ya ba da fatawa: in sun kai inda rana ba ta fitowa, su ƙaddara lokutan salla da garin da ya fi kusa wanda rana ke fita a cikinsa. Na lura da ya ce "in mun kai". Na ɗauka tuntuɓen baki ne. Sai ya gyara zama ya ce, "Motar nan taka, mutum nawa taka ɗauka?"

Na dubi matarsa. Ta ce wallahi ta gaya masa saƙona, ya ce to.

Mun dawo Tambuwal da kwana uku ina share falo na ga littafin tafiyar a buɗe. Ba na duba kayan Malam, amma shafin a buɗe yake. Ya rubuta "Matafiya", ya ja layi a ƙasa. Na ɗaya shi, direba. Na biyu Yaya, limami. Na uku wani bakanike na Dogon Daji da ke gyara masa mota. Na huɗu, littattafan Yaya da barguna. Na juya shafi ko akwai ci gaba. Babu.

Ni ban taɓa son zuwa ba. Ko kyauta aka ce in je inda ruwa ke zama gari ba zan je ba. Amma ranar nan tuwon da na tuƙa ya yi gudaji, na kuma ajiye masa kwanon da ƙarfin da murfin ya faɗi.

"Hajiya, lafiya?"

"Lafiya lau. Allah ya kai ku, kai da barguna."

Ya dubi littafin, ya gane. "Ai ke kika ce hauka ne."

"Hauka ne mana. Shekara talatin da bakwai wane haukan naka ne ban bi ka ba? Wa ya zauna a yashi da kwat a cinya? A cikinku wa ya taɓa riƙe fasfo? Wa ya san yadda ake tsayawa gaban ma'aikacin iyaka?"

Ya ɗauki biro a hankali. Na ga ya nufi sunan bakanike zai soke. Na ce kul, wannan shi kaɗai ne mai amfani a cikinku. Ya ce littattafan Yaya ba sa sokuwa. Muka yi ta ja har aka kira isha'i. A ƙarshe aka yarda za a ƙera wa motar ƙarfe a sama a ɗaure barguna, ya rubuta ni a lamba ta huɗu, a gabana ya sa "mai kula da takardu". Na kwanta ina jin daɗi kamar an ba ni sarauta, a tafiyar da na fi kowa sanin ba za a yi ba.

'Yarmu ta fari ta zo hutun ƙarshen shekara ta zaunar da babanta. Ta yi masa bayanin biza ƙasa-ƙasa, da halin da hanyar hamada ke ciki, da hawan jininsa, da shekarun motar. Ya saurare ta kamar yadda yake sauraron ɗalibin da ya yi ƙoƙari, ya ce duk abin da ta faɗa daidai ne, don haka bana ba za a samu ba, sai baɗi. Da baɗi ta zo aka ce wata baɗin. A tsakanin nan Yaya Malam, wanda ya yi shekara ashirin bai kwana a Tambuwal ba, ya riƙa hawa bayan babur duk wata yana zuwa duba shiri. Su zauna gaban taswira suna gardama a kan inda za a yi ƙasaru da inda za a cika salla. Aka sake hanyar zaren sau huɗu. Ni nake dafa abincin taron, a matsayina na mai kula da takardu.

A ɗari na uku Yaya Malam ya kwanta da ciwon ƙirji. Aka kawo shi Tambuwal, likita ya ce sai Sakkwato. Maigidana ya tayar da motar, muka kwantar da shi a baya, kansa a kan cinyar matarsa, ni a gaba. Muka kama hanya har muka wuce Dogon Daji. Can sai muka ji murya daga baya, ƙasa-ƙasa, yana cewa ƙanensa ya rage gudu, in haka zai yi tuƙi a kan ƙanƙara shi ba ya zuwa. Matarsa ta fashe da kuka da dariya lokaci guda. Motar ta kai mu har ƙofar asibiti ba ta tsaya ko sau ɗaya ba, kuma iyakar arewacin da ta taɓa kaiwa ke nan.

Ya yi kwana goma sha ɗaya aka sallame shi. Likita ya hana shi doguwar tafiya, ya hana shi shiga sanyi. Da muka koma gida maigidana ya ce shi ba ya zuwa ko'ina ba da limaminsa ba. Ba a sake cewa baɗi ba. Da za a yi bikin 'yarmu ta biyu aka yi wa falo fenti, aka naɗe taswirar aka sa a bayan kabad. Motar kuma wani mai jigilar albasa ya saye ta. Yanzu duk Alhamis Malam kan hau babur ya tafi Kebbe, ya koya wa manyan ɗaliban wansa labarin ƙasa a zaure, wan yana gefe a kan buzu yana gyara masa.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne labarin ya riga mu tafiya. Mutane sun ga mota cike da kaya, sun ji an ce Malam ya yi kwanaki ba ya gari, sun ji ɗalibai suna maganar ƙasar da rana ba ta fitowa. Aka haɗa. A Kebbe yanzu an tabbatar sun je, har da ni. Na gyara sau biyu, sau uku, ba wanda ya so gyaran. Kwanan baya a wani suna a Fakku wata tsohuwa ta matso kusa da ni ta kama hannuna, ta ce ashe ni ce na bi mijina har ƙarshen duniya, a mota, da tsufana. Ta ce matan yanzu ba za su iya ba. Na buɗe baki zan faɗa mata gaskiya, sai na ga mata wajen goma sun juyo suna jira, an ma daina rabon waina.

Na gyara mayafina na ce, "Inna, bari kawai. Wuya dai mun sha ta."